Maganin da Ake Sha Ciki Babu Komai: Halin Tsofaffin Bakin Tafkin Kainji

A shekarar 1968 aka gama toshe Kogin Kwara a Kainji. Ruwa ya taru ya zama tafki, ya haɗiye tsohon garin Busa da mafi yawan tsibirin Foge da tungaye masu ɗimbin yawa. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga gidajensu aka kai su sababbin matsugunai a gaɓa, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Lopawa na ƙasar Yauri. Yaron da aka ɗora bisa kayan ɗaki a kwale-kwale a wancan lokaci yana ɗan shekara goma, yau yana neman saba'in. Su ne dattawan Yelwa da Wara da Bin Yauri da Shanga da tungayen da suka jeru a bakin ruwa.

Tsufa ya zo musu da kayansa: hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa da na baya, raunin gani, zubewar haƙora. Magani kuwa bai yi musu wuyar samu kamar yadda ya yi wa iyayensu ba. Akwai babban asibitin Yauri, akwai ɗakunan shan magani a mazaɓu, ga kemis a kowace kusurwa, ga masu tallar ƙwaya a faranti ranar kasuwa. Abin da ya yi wuya shi ne kwanon abinci mai zafi a kan lokaci. Likita yakan rubuta a sha sau uku a rana bayan an ci abinci, ya sallami mara lafiya, bai tambayi ko akwai abincin ba. A wurin tsohon da ke zaune shi kaɗai, magani da abinci lamari ɗaya ne, kuma duk wanda ya ba da na farko bai kula da na biyu ba, likita ne ko mai kemis ko ɗan da ke turo kuɗi daga birni, rabin aiki ya yi. Wani lokaci ma rabin aikin nan ya fi rashin yi illa.

Wani zai ce ai a ƙasar nan ba a barin tsoho shi kaɗai, wannan halin Turawa ne. Maganar tana da daɗin ji, sai dai duk wanda ya san unguwannin nan ya san ba ta cika ba. Ga tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suna aure a Kontagora ko Zuru, mazan sun tafi ci-rani Legas ko Abuja, wani yana ramin haƙar zinariya, wani ya bi kifi zuwa wani ruwan. Ga dattijon da ya ajiye taru saboda ƙafa ta ƙi, yana kwana a ɗakin ƙofar gida, an bar masa jika ɗan shekara goma wanda ya iya ɗebo ruwa amma bai iya ɗora tukunya ba. Rashin tsaro ma ya ƙara nasa. Harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 shi ne duniya ta ji, amma ƙauyuka da dama na wannan yanki sun ga nasu, iyalai sun watse, kuma tsoho shi ne ya fi kowa ƙin barin gida. Ko a gidan da yake cike da mutane, ana samun tsohuwar da tukunyarta daban take, ba mai leƙa ta.

Ga kuma kara. Tsohon da ya ciyar da gida shekara arba'in ba zai buɗe baki ya ce wa ɗansa a waya yunwa yake ji ba. Amsarsa ɗaya ce: lafiya lau, an gode Allah.

To me irin waɗannan suke ci? Tuwo aikin mai ƙarfi ne. Sai an nemo itace, an surfa, an kai niƙa, an tankaɗe, sannan a tsaya kan murhu a tuƙa da muciya. Hannun da sanyin ƙashi ya kama ba ya iya wannan, kuma ba mai son ya hura wuta don baki ɗaya. Saboda haka sai a koma kan abin da ba ya son wuta: koko na saye da safe, garin kwaki da ruwa da rana, shayi da burodi da dare idan kuɗi sun kai. Tsakani kuwa goro, wanda ke kashe yunwa ba ya maganinta. Wanda ba shi da haƙori yakan daina cin nama da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ya zauna a kan ruwa-ruwa, jiki yana zubewa a hankali, mutane suna cewa tsufa ne.

Abin takaicin shi ne wannan ƙasa ce ta abinci. Kifin Yauri ana lodinsa a mota zuwa kudu. Albasar da Gungawa suka shahara da nomanta tun suna tsibirai tana cika kasuwanni. A jihar nan ta Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015. Amma giwan ruwa da manyan tarwaɗa na mai kuɗi ne, masunci sayarwa yake ba ci ba. Farar shinkafar inji, wadda ta fi tuwon dawa da na gero saurin ɗaga sugan jini, ta mamaye kwanuka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, komai ya tashi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Magani ma bai tsira ba, musamman bayan kamfanin GSK ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya. Tsohon da aka turo wa 'yan dubbai ta wurin mai POS sai ya zaɓa: ko ƙwaya ko mudu. Da yawa sukan zaɓi ƙwaya don ita aka ce musu ita ce lafiya.

Nan haɗarin yake. A ɗauki glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, tsohon maganin suga mai araha da ke ko'ina. Aikinsa shi ne ya matsa wa jiki ya fitar da sinadarin insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma yakan daɗe yana aiki, balle a jikin wanda ƙodarsa ta fara rauni. Tsohuwar da ta haɗiye shi da asuba tana jiran mai koko, mai koko ba ta fito ba, kafin hantsi suga ya faɗi ƙasa. Sai gumi, sai rawar jiki, sai magana ta rikice, sai suma. Maƙwabta su ce gigin tsufa ne, wasu su ce iska ce, a kawo hayaƙi da rubutu, alhali cokali biyu na suga a ruwa ko zuma ko 'yan dabino za su dawo da ita idan tana iya haɗiya, kafin a garzaya asibiti. Saboda irin wannan ne ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta sa glibenclamide a jerin magungunan da ya kamata a kauce wa ba tsoho, jerin da likita Mark Beers ya fara tsarawa a 1991. A nan kuwa ana ci gaba da miƙa shi a ƙulle cikin leda, ba kwali ba takarda.

Sai haɗi, wanda ya fi kowane magani shiga gidajen masunta da manoma. Cinikin gajere ne.

“Yarona, haɗa mini na ciwon jiki.”

“To Baba, na nawa?”

Tambayar ke nan, kuma ita kaɗai ce. Ba a tambayi Baba ko ya karya ba, ba a tambaye shi ko yana shan na hawan jini ba. Abin da ake zubawa a ledar yakan haɗa da diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci biyu daga cikinsu tare, duk da cewa dangi ɗaya ne, a ƙara da dexamethasone ko prednisolone don jiki ya saki da wuri. Jikin kuwa yana saki, shi ya sa ake komawa. Amma dangin diclofenac suna cin bangon ciki, su jawo gyambon ciki da zubar jini da ake gani a baƙin bayan gida. Suna riƙe ruwa da gishiri a jiki, su ɗaga hawan jini, su rage ƙarfin maganinsa. Idan suka haɗu da lisinopril da maganin sa fitsari a jikin tsohon da bai sha ruwa sosai ba, ƙoda tana iya tsayawa. Dexamethasone kuma, idan aka daɗe a kansa, yana ɗaga suga, ya kumbura fuska, ya rarake ƙashi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya sai da shawarar likita. Dokar Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa ba ta ba mai kemis izinin sayar da irinsa ba, amma a tungar da asibiti yake da nisan yini a jirgin ruwa, mai kemis shi ne likita.

Ko maganin kirki ma yana da nasa sharaɗin. Maganin hawan jini mai sa fitsari, irin su Moduretic, idan zafin Maris da Afrilu ya sauko kuma tsoho ba ya ci ba ya sha yadda ya kamata, yana iya zuƙe masa ruwa da gishirin jiki, ya tashi tsaye jiri ya kwashe shi. Faɗuwa a tsakar gida karayar ƙugu ce, faɗuwa a bakin ruwa kuwa sai abin da Allah ya yi. Metformin ana shansa ne da abinci don kada ya murɗa ciki. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem yana buƙatar abu mai maiƙo ko madara kafin ya shiga jini sosai, kuma Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan wannan cuta a tsakanin ƙananan yara a binciken ƙasa na 2018 da na 2021, sauron kuwa ba ya tsallake ɗakin kaka. Ciprofloxacin da tetracycline akasin haka suke: idan aka kora su da fura da nono ko kunun kanwa, rabin ƙarfinsu a ciki yake tsayawa. Shayi mai kauri yana hana maganin ƙarin jini shiga. A kan duk wannan a ɗora jiƙo da sassaƙe da ake sha a ɓoye, ba a gaya wa malamin asibiti don kada ya yi faɗa.

Batun gishiri ya cancanci a tsaya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, daga duk abin da ya ci. Tsoho ɗanɗanonsa ya ragu, miyar kuma ba nama ba kifi, sai a cike gurbin da dunƙule biyu ko uku, wanda kusan rabinsa gishiri ne, a ƙara gishirin kansa, a jefa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi ko wake ya nuna da wuri. Kanwa ita ma ɗauke take da sinadarin da ke cikin gishiri, mai ɗaga jini. Wannan ba sabon sani ba ne a Arewa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Abin da ya wahalar da zuciyar mace 'yar shekara ashirin da biyar ba zai raga wa ta ɗan saba'in ba.

Akwai darasi a wurin baƙar fatar Amurka, waɗanda hawan jini ya fi addaba fiye da sauran mutanen ƙasarsu. Wani bincike da Richard Cooper ya jagoranta, aka buga a 1997, ya auna jinin baƙaƙen fata a wurare uku: kashi 16 cikin 100 ke da hawan jini a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karibiyan, kashi 33 a Amurka. Asali ɗaya, abinci da zaman rayuwa daban, sakamako daban. Tun daga lokacin kwanon Najeriya yake ta matsawa wajen nasu. Su kuma can, da suka ga tsofaffin da ke zaune su kaɗai suna rayuwa a kan abincin gwangwani da tarin ƙwayoyi, sai suka sa ciyar da tsoho cikin doka. Tun 1972 gwamnatin tarayyarsu take ba da kuɗin dafa abinci ga masu shekara 60 zuwa sama, wasu su taru su ci tare, wasu a kai musu har gida, mai kaiwa kuma ya ga halin da suke ciki. A 2018 an buga wani gwaji da aka yi a shagunan aski 52 na baƙar fata a Los Angeles, inda masana harhaɗa magani suke zuwa shagon su auna jini su daidaita magani. Bayan wata shida, kusan kashi 64 cikin 100 na waɗanda aka bi da su haka jininsu ya sauka yadda ake so, a ɗaya rukunin kuwa kashi 12 bai cika ba. Ba wani sabon magani ba ne. An dai kai shi inda mutane suke zama, ta hannun wanda suka amince da shi.

Wane magani ne ya fi dacewa da mutanen nan, an riga an sani. Gwajin CREOLE da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, da marasa lafiya 728, aka buga a 2019, ya nuna haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi saukar da jini, kuma amlodipine ba shi da tsada. Saura bibiya da ciyarwa, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ƙasar Yauri ba ta buƙatar aro tsarin daga waje, tana da nata. Ciyayya tsohuwar al'ada ce: kowane gida ya fito da kwano, a haɗu a ƙofar gida, marar gida ya ci ba a ce an ba shi sadaka ba. Mata suna da nasu aiken kwano tsakanin maƙwabta. Abin da ake nema shi ne a mai da wannan abin lissafi. Mai unguwa da limami da fasto da shugabar mata sun san kowane tsoho da ke zaune shi kaɗai a unguwarsu, za su iya rubuta sunayen cikin yini ɗaya, a raba kwanakin mako tsakanin gidaje. Masarautar Yauri, wadda Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yake kan gadonta tun 1999, idan ta yi magana hakimai da dagatai za su ji, kuma wani kaso na zakkar shinkafa da dawa zai iya tafiya nan.

Abincin da ake buƙata ba na kanti ba ne. Warangi, ƙananan kifin nan da ake kamawa a tafkin a shanya, ana cinsa da ƙayarsa, yana gina jiki yana ƙarfafa ƙashi, kuma idan aka daka shi a zuba a miya ko marar haƙori zai sha. Wake da aka dafa ya yi luguf, alala, kunun gyaɗa marar suga, faten da aka cika wa zogale ko rama, nono, tuwon dawa mai laushi da miyar kuka da daddawa da albasa a maimakon dunƙule na uku. Ɗan da ke birni, maimakon ya tura kuɗin gaba ɗaya ya ce a sayi magani, ya ware rabi ya ba wata amintacciyar maƙwabciya ta riƙa ɗora sanwa da mahaifiyarsa a lissafi. In ya zo gida kuma, ya tattara duk wata ƙwaya da jiƙo da ke ɗakin a leda ɗaya ya kai wa ma'aikacin lafiya ya duba, ba shi ya zauna ya zaɓi wadda za a bari ba.

Masu kemis kuwa, kamawa kaɗai ba za ta gyara su ba, don in aka rufe shagon tunga ba abin da zai maye gurbinsa. A horar da su ta ƙungiyarsu a kan tambayoyi uku kafin su miƙa wa tsoho komai: Inna, kin ci abinci? Wane magani kike sha yanzu? Kina da hawan jini ko suga ko gyambon ciki? A ba su na'urar auna jini, a hana su haɗin da ke da dexamethasone, wanda ya ƙi ji a karɓe lasisinsa.

Gwamnati ma tana da hanyar da ta riga ta share. Shekara da shekaru ana bi gida-gida a ƙauyukan nan da allurar shan inna, da maganin zazzaɓin damina na yara, da Mectizan na makantar bakin kogi wanda mutanen gari da kansu suke rabawa suna auna tsawo da sanda. Ƙafar da ta kai waɗannan za ta iya kai na'urar auna jini da ta suga ɗakin tsoho sau ɗaya a wata. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusun masu rauni, tsofaffi suna ciki, an kuma sa hannu a dokar Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa tun 2018. A jiha akwai hukumar inshorar lafiya ta KECHEMA. Amma tsohuwar da ke tungar da sai an haye ruwa ba za ta zo ofis neman kati ba. Bayan hatsarin jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawa, ba mai hankalin da zai ce ta riƙa shiga jirgi duk wata don a auna mata jini. Masu rajista su ne za su haye.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne makonnin da ke gaban azumi, don a cikinsa ne tsofaffi suke sauya lokutan shan magani da kansu, wani ya haɗa na safe da na rana ya haɗiye da sahur. Addini ya yi wa mara lafiya da tsohon da ba ya iyawa rangwame, kuma daga bakin malami tsoho zai karɓi wannan, ba daga bakin ɗansa ba. Ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga za su iya ware rana ɗaya a kowace mazaɓa a cikin Sha'aban, ma'aikacin lafiya da limami su zauna wuri ɗaya, tsofaffi su zo da ledojin maganinsu, a auna su, a sauya wa mai shan glibenclamide magani idan ya kama, a rubuta sunan wanda zai kai wa kowane ɗaya abincin sahur da na buɗa-baki. Kuɗin wannan bai wuce na mai da batir da tsinken gwajin suga ba, kuma shugabannin ƙananan hukumomin uku za su iya sa shi a kasafinsu na bana.